Kabar Coci a Cikin Kayan Amarya

A 'yar cocinmu ta Gummi, da hannuna nake sanin inda shekara ta kai, ba sai na duba kalanda ba. Idan ina wankin koren zanen bagadi, wato teburin ibada, to muna cikin kwanakin da ba wani biki. Idan na ciro shunayya daga akwati ina kakkaɓewa, ko dai Kirsimeti na tafe ko azumi. Fari na Ista ne, shi ne kuma mai cinye min sabulu. Ban taɓa neman wannan aikin ba. Wata rana ce kawai aka ce a taron zumuntar mata, "Matar Malam ce mai tsafta," kowa ya tafa, shi ke nan. Tun daga ranar duk abin da ba wanda yake son ɗauka sai a tuna da tsaftata.

Mu ba mu da yawa. Malaman makaranta ne irin maigidana, da matan 'yan sanda, da masu shagon magani, da wasu manoma 'yan uwanmu daga wajen Zuru. Fada, limamin cocinmu, ba a garin yake zaune ba. Yana raba kansa tsakaninmu da Anka da Bukkuyum, kuma a shekarun da hanyoyi suka fara ba mutane tsoro, ba ya tasowa sai rana ta ɗaga sosai. Sauran hidima duk tana wuyan Baba Katikis, mai koyar da mu addini, dattijo mai kirki wanda ba ya iya yanke magana ko da kan gishirin miya ce.

Ana saura mako guda Ista muke yin Lahadin Dabino, mu zaga harabar coci da ganye a hannu muna waƙa. Sunan ne kawai na dabino. A wajenmu kaba ake yankowa a bakin gulbi, irin wadda ake saƙa da ita. Amma da zarar Fada ya yi mata addu'a ya yayyafa ruwa mai tsarki, ta tashi daga kabar kowa. Ba a jefa ta a bola, ba a ɗaure kaya da ita. Ajiye ta ake yi har shekara ta zagayo, a ƙona, tokar ce ake shafa mana a goshi ranar Larabar da muke shiga azumi.

Kowa yakan tafi gida da nasa ganyen da alkawarin zai dawo da shi. Alkawari dai. Idan lokaci ya yi sai ka ji wannan yara sun yi wasa da nasa, wancan ya sauya gida, waccan akuya ta shiga ɗaki. Saboda haka babban damin da ya rage shi ne abin dogaro. Ɗakin ajiyar coci kuwa gara ta mai da shi nata. Ina za a kai damin? Gidan mai tsafta. Na sa shi a buhu, na ɗaure, na rataye can sama a rumfarmu, daf da kwano, inda ba akuya ba yaro.

A wannan shekarar, bayan Kirsimeti, na tafi gida jinyar mahaifiyata na ɗan jima. Da na dawo na ɗaga kai na ga buhun yana nan rataye, ban sake bi ta kansa ba.

Ran Lahadin ƙarshe kafin azumi Baba Katikis ya yi sanarwa a kawo ganyen bara. Muna komawa gida, ko ɗankwalin coci ban cire ba, na jawo turmi na hau. Ina taɓa buhun ya yi lilo. Ba nauyi. Na kwance, ba komai ciki sai wata tsohuwar igiya.

Maigidana yana zaune a inuwa yana jin rediyo.

"Baban yara, ina kabar da ke cikin buhun nan?"

"Wace kaba?"

"Kaba nawa muke da ita a gidan nan?"

Ya rage muryar rediyo, ya yi tunani kamar wanda aka tambaya abin shekara ashirin. "Au, wannan. Ai Inna na ba. Lokacin da ba kya nan ta leƙo tana cigiyar kaba mai kyau, na ce ga wata can ta daɗe ba a amfani da ita. Har gida na kai mata."

Har gida ya kai mata. Da alfahari ma ya faɗa.

"Kai da ka riƙe ta da hannunka kana waƙa? Kai da ruwan albarka ya jiƙa maka riga ranar?"

"To ni na san ita ce? Kaba duk kamarta ɗaya." Ya dube ni ya ga abin ba wasa ba ne, sai ya sassauta murya. "Kwantar da hankalinki. Gobe na sayo wata a kasuwa, a ƙona. Ko ki ɗebi ta murhu ki tankaɗe. Wa zai gane?"

"Ni na gane. Wanda ake yi dominsa ma ya gane."

"Toka ce fa, Maman yara."

Na sauko daga kan turmi ban ƙara ce masa komai ba, don azumi na ƙofa, ba na son in shige shi da abin da ke bakina a lokacin.

Inna maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tsohuwa ce Musulma, ta haifi mai gidan da muke haya a hannunsa. Ita ta yi min wankan jego na ɗana na biyu lokacin da ba ni da kowa a garin, yarana kuwa sun fi sanin tuwonta da nawa. Jikarta ce za a aurar a makonnin nan zuwa Nasarawa Burkullu, yarinya mai fara'a, kullum tana dariya idan an ambaci angon. Tun da na dawo nake ganin Inna a bakin ɗakinta da tsinken ƙarfe tana saƙa wa amarya faifai, ja da kore da shunayya. Ni da bakina na yaba. Har na taya ta jiƙa garurar da take rina kabar da ita. Ina zaune kusa da ita ina miƙa mata kabar cocinmu zare-zare, ina cewa, "Kai Inna, hannunki ba ya tsufa."

Wanda bai zauna a unguwa irin tamu ba zai ce mene ne a ciki, a je a roƙo mana. Amma a tsaya a ji yadda maganar take fita. Mace ta shiga gidan biki ta ce a ba ta abu daga cikin kayan amarya, za ta ƙona, tokar take so. Ko ƙaramar yarinya ta san sunan da ake ba wannan. Balle a ce mai roƙon Kirista ce, kuma tokar coci za a kai. Shekaru muna zaune lafiya da mutanen nan, muna gaisuwar mutuwa da ta haihuwa, amma na san irin wannan magana idan ta fita ƙofa ba ta komowa. Duk ranar da amarya ta yi ko ciwon kai a gidan miji, ni za a tuna. Ga uwar amarya, surukar Inna, mace ce mai shiru-shiru da ba abin da ke wuce idonta.

Washegari na je coci. Baba Katikis ya shimfiɗa abin da mutane suka kawo a kan benci. Wasu 'yan ganyayyaki ne duk sun rududduge, ɗaya ma gara ta bar masa ƙashin baya kawai. In an ƙona su cokali ba zai cika ba. Tokar kuwa ba tamu kaɗai ba ce. Daga cikinta Fada zai wuce da ta Anka, Baba Katikis kuma ya hau babur da ɗan gwangwani ya kai wa 'yan tsirarun da ke Adabka, waɗanda sai su yi watanni ba su ga Fada ba.

Na gaya masa abin da ya faru. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

"To fa. Wannan kam sai Fada."

Muka kira wayar Fada. A kashe. Muka sake, muryar nan ta kamfanin waya ta ce ba a samunsa.

"To fa," in ji Baba Katikis.

Shugabar zumuntarmu tana gefe tana jera furannin roba, kunnenta na wajenmu. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mai riƙon addini sosai, kuma ba ta taɓa rasa abin cewa ba.

"Ni ban ga abin to fa a nan ba. Kayan coci ne. Ki je ki karɓo su duka."

"Mama, an riga an saƙa. Kayan amarya ne."

"Sai ki yi musu bayani."

"In ce me?"

"Gaskiya mana. Ai ke muka ba amana saboda mun yarda da ke."

Ita a gidajen asibiti take zaune, katanga ta zagaye su, da maigadi a ƙofa. Bayani a wajenta abu ne mai sauƙi. Na dawo gida ina ta magana ni kaɗai a hanya, har wani mai kura ya waiga ya dube ni.

Ran Talata da hantsi ba sauran wata dabara. Na yi addu'a a gaban gicciyen ɗakina, na yafa gyale, na zaga gidan Inna. Na tarar da Inna ta baje faifayin a kan tabarma tana share musu ƙura da gefen zane. Gaskiya sun yi kyau. Wannan ya ƙara ɓata min rai da mijina.

Na durƙusa na gaishe ta. Na tambayi ƙafarta, na tambayi hidimar biki, na tambayi awaki, na sake komawa kan ƙafar.

"Matar Malam," in ji ta, "ƙahwata ba ta sake ba tun ɗazu da kinka tambaya. Mi ya kawo ki?"

Na fara daga Lahadin Dabino. Na bi a hankali, ruwan albarka, buhu, rumfa, tafiyata gida. Tana saurare tana taunar goro. Da na iso wajen ƙonawa sai muryata ta yi ƙasa da kanta.

"Ɗaga murya, kunnena ya tsuhwa. A yi mi da shi?"

"A ƙona, Inna."

Daidai nan dakan da ake yi a bayan ɗaki ya tsaya. Uwar amarya ta fito da taɓarya a hannu, ta jingina da bango.

Inna ta dube ni, ta dubi faifayinta, ta tofar da goro gefe.

"Wato kabar da na kwana biyu ina lanƙwasa baya a kanta, ta wurin ibadarku ta?"

"Ita ce, Inna."

"Shi Malam da ya kawo min ita yana washe baki, bai sani ba?"

"Ya ce ya manta."

"Namiji ke nan. Shi ka karantar da ɗiyan mutane." Ta girgiza kai. "Ke kuma, abu mai girma haka a wurinku, kinka rataye shi cikin buhun taki kamar kuɓewa busassa? Da kin ce min, ai da cikin adakata na aje miki."

Na sunkuyar da kai kawai, ina jin haushin yadda ta fi kowa a cocinmu fahimtar girman abin.

Sai uwar amarya ta yi magana, a hankali, ba ni take kallo ba. "Inna, kayan ɗiyata na. Ba a ƙona kayan amarya. Tokar kuma ban san inda za ta ba."

"Goshinmu za ta," na ce da sauri. "Nawa, da na Malam, da na yarana. Ranar Laraba kowace shekara ai kina ganinmu da ita."

"Ina gani. Ban san da mi anka yi ta ba."

Kaza ta zo tana tsattsagar gefen tabarma, Inna ta kore ta da ƙafa. Can ta miƙa hannu ta ɗauko faifai guda, babba, mai zagayen shunayya, ta juya shi ta duba bayansa.

"Guda za ki samu. Saura sun tahi ɗakin miji, ba ni warware aikina duka don mantuwar Malam. Kuma ba wani wuri za a kai shi a ɓoye ba. Nan cikin gidanki za a ƙona, da rana tsaka, gaban idona da na wagga." Ta nuna surukarta da haɓa. "Abin da duk za a ce a kansa, a ce shi da Hausa, mu ji. Kada in ji sunan ɗiyata."

Na yi godiya har sai da ta ce in tashi in ba ta wuri.

Na ɗauka wahalar ta ƙare. Na aika wa Baba Katikis, na manta da Shugaba. Da la'asar ta iso gidana tare da Baba Katikis, tun daga ƙofa take faɗin cewa ba a taɓa ƙona ganyen albarka a tsakar gidan haya ba, kusa da kejin kaji. Da ta ga Inna da surukarta zaune a kan tabarmar da na shimfiɗa musu, sai ta gyara fuska ta gaishe su da ladabi. Amma da ta karɓi faifan ta lanƙwasa shi, ta sake samun abin cewa.

"Cikinsa ai ciyawa ce. Ciyawa ba a yi mata albarka ba. Sai an raba."

Na rufe ido. Da a ce ranar ba jajiberin azumi ba ce, ban san me zai fito daga bakina ba. Shugaba ta ce in kawo wuƙa.

"Wuƙa?" in ji Inna. "Miƙo nan. Ku ba ku san aiki ba."

Ta ciro tsinkenta daga kan ɗankwali, ta nemo bakin saƙar, ta fara warwarewa. Ba ta kalli kowa ba. Zagaye bayan zagaye kabar tana fitowa a murɗe, ja, kore, shunayya, tana tara ta gefe guda, ciyawar gefe guda. Yatsunta duk sun kumbura a gaɓoɓi. Na tuna da yadda take miƙe baya tana nishi idan ta daɗe a zaune kan wannan aikin, sai idona ya kawo ruwa, na yi kamar hayaƙi ne ya shige min, alhali ko kunna kabar ba a yi ba.

Baba Katikis ya zuba kabar a wani tsohon kasko tare da 'yan guntayen da mutane suka kawo. Ya ƙyasta ashana ta mutu. Ya sake ta mutu. Maigidana, wanda tun zuwan baƙi yake laɓe-laɓe, ya matso da murfin tukunya yana fifitawa da ƙarfi har ya kashe wadda ta fara kamawa.

"Malam, bari," in ji Inna. "Ka yi naka aikin tun tuni."

Uwar amarya ce ta tashi ta ɗebo garwashi a murhuna ta tura ƙarƙashin kabar. Nan take ta kama. Ta koma ta zauna, idonta a kan bakin Baba Katikis.

Shi kuwa ya yi addu'arsa da ƙarfi, da Hausa. Ya roƙi gafarar zunubanmu, ya roƙi lafiyar hanya, ya roƙi damina mai albarka da sauƙi ga marasa lafiya. Ni da na saba sa amaryar nan a addu'ata kowace safiya, ranar ko a zuci ban bari sunanta ya gifta ba har wutar ta mutu. Alkawari aka yi.

Abin da ya rage a kasko bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Inna ta leƙa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna. Zai isa har Anka da Adabka."

"To in an shahwa muku, mi ake cewa?"

Baba Katikis ya gyara tsayuwa, ya yi mata bayani cewa ana tuna wa mutum ne daga ƙasa aka yi shi, kuma ƙasar zai koma.

Inna ta jira ko akwai saura. Da ta ga babu, sai ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Wa bai san wanga ba? Sai an ɓata min aiki kahin ku tuna?"

Har Shugaba sai da ta yi dariya. Uwar amarya ba ta yi ba. Ta naɗe ciyawar da aka ware, ta tafi da ita.

Ran Laraba Fada ya iso rana ta take, rigarsa duk jar ƙasa. Ya albarkaci tokar, muka yi layi. Da babban yatsansa ya taɓa goshina sai na ji sanyi ya sauka har cikin ƙirjina, na yafe wa mijina a wurin, ko da yake ban gaya masa ba sai da ya ƙara kwana yana lallaɓawa. Shugaba tana bayana a layi, ina jinta tana raɗa wa ta kusa da ita cewa tokar bana ba ta yi baƙi kamar ta bara ba.

Bayan an tashi na tare Fada na gaya masa komai, har da sauran faifayin da za su tafi Nasarawa Burkullu. Abin yana damuna ƙwarai. Ya tambaye ni me ake yi da faifai a ɗakin amarya. Na ce a rataye a bango, a rufe abinci. Ya ce ana takawa? Na ce a'a. Ya ce to in bar su su tafi, ya shiga mota don Anka na jiransa. Duk zufar da na yi, amsar ke nan.

Na biyo layinmu da tokar a goshi. Inna tana zaune a ƙofar gida. Ta kare ido da hannu ta ƙura min.

"Aikin hannuna ke nan kinka liƙa a goshi? Ko daidai bai zauna ba, ya karkace."

Uwar amarya tana tsaye a bayanta da bokitin ruwa. Na gaishe ta. Ta amsa da "lahiya" guda ɗaya, ta daɗe tana kallon goshina, sannan ta shige ciki. Na wuni ina juya wannan kallon a raina. Ga yunwar azumi, ga zafi ya fara, kowane motsi na ji a bayan katanga sai in kasa kunne ko da ni ake.

Sai da yamma, ina tankaɗen gari, na ji sallama. Uwar amarya ce da kanta, ba aike ba. Ta tsaya a bakin rumfa ta ce babbar tukunyata take so ta ara don girkin biki, in da hali har da ludayin ƙarfe. Kuma ran kamu in shigo da wuri, hannu bai isa ba.

Na fito da tukunyar na wanke ta tas, na ɗora mata a ka.

Sai bayan biki da kwanaki aka dawo min da ita, da ƙanzo a gindi, kunne ɗaya a lotse. Ludayin kuwa har muka bar Gummi ban sake ganinsa ba.